Kunyoyin da Aka Ɗauka Daga Sama

Shekara huɗu gonarmu ta Dogon Dawa tana kwance babu mai taka ta. Ɓarayin daji ne suka koro mu cikin garin Birnin Gwari, a nan mahaifina ya rasu a ɗakin haya, kullum zancensa daminar da za a koma. Da abin ya ɗan lafa mutane suka fara komawa, na bi su, ni malamin firamare da hannuna ya fi sabawa da alli.

Na tarar da gona, ban tarar da iyaka ba. Wata ɗorawa ce take raba mu da maƙwabcinmu, masu gawayi sun sare ta sun ƙone har kututturen. Maƙwabcin dattijo ne ɗan Gbagyi, Kirista, abokin mahaifina tun suna samari, Baba muke ce masa. Ya ɗaga sandarsa ya nuna wani wuri ya ce a nan ɗorawar take. Na ce a'a, tana can gaba kusa da kwari. Tsakanin nuninsa da nawa kunya goma sha biyu ce, kuma nan ne ƙasa ta fi riƙe laima.

"Ɗana, a inuwarta na ci tuwo shekara arba'in," in ji shi.

"Baba, tsufa yana sa mantuwa."

Allah ya yafe mini, haka na ce masa. Ni mutum ne mai saurin hawa, in na hau kuma sai an sauke ni da ƙarfi.

Wani abokin aikina ne ya ba ni labarin wani safiyo, mai awon filaye, a Kaduna, da yake sayar da hoton ƙasa. Ya ce kamfanonin waje suna da taurarin ɗan'adam masu zagaya duniya suna ɗauka, suna ajiyewa shekara da shekaru, duk mai so ya saya. Washegari na hau mota.

Safiyon ya zaunar da ni gaban kwamfuta, ya jawo duniya kamar mai jawo tabarma. Ga Kaduna, ga titinmu da ramukansa, ga Dogon Dawa, ga rufin rumbunmu. Tirƙashi! Har shanu na gani a bakin rafi, kamar an watsa wake.

"To, yallaɓai," na ce, "har sansanin mutanen daji abin nan yake gani?"

"In ba su shige ƙarƙashin itace ba, har baburansu."

"Me ya sa kullum a rediyo ake cewa ba a san inda suke ba?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Malam, gona ka zo nema ko magana?"

Na ce gona. Ya ce hotunan damina yawancinsu gajimare ne, amma ga wani tsohon hoto tar da shi, an ɗauke shi bayan an gama huɗa. Itatuwa uku ne a wurin, daga sama kuwa ba ka bambance ɗorawa da kaɗanya, duk dunƙule suke. Amma kunyoyi sun fito raɗau, sun taso daga bakin hanya sun zarce har kwari, ba su yanke ko'ina ba.

"Wace iyaka kake nema?" in ji safiyo. "Wannan gona ɗaya ce, manomi ɗaya."

Wallahi sai da na miƙe tsaye. Ashe duka tamu ce! Ashe aro mahaifina ya ba tsohon nan, shi ne yanzu har yake mini nuni da sanda. Na sa aka buga mini hoton a babbar takarda, aka lulluɓe ta da leda. Akwai wani ƙaramin rubutu a gefen ƙasa, ban ko kalle shi ba.

Na kai ƙarar Baba wurin dagaci, ranar zama a ƙofar gidansa na sa babbar riga. Kafin a fara shari'a hoton ya tara rabin gari, kowa yana neman rufin gidansa. Wani ya ce an rage masa rumbu ɗaya. Wata tsohuwa ta gano makewayinta da ba shi da rufi, ta ɗora hannu a ka.

"Na shiga uku! Da ƙarfe nawa abin nan yake wucewa?"

Na ce ba shi da lokacin da mu za mu sani. Ta ce to Allah ya isa tsakaninta da su. A makon nan, na ji labari, babu karan da ya rage a garin, duk an rufe makewayi da shi.

Dagaci ya tsawata aka yi shiru. Na gyara murya na yi bayani irin na aji, har da tazarar sama da ƙasa, wadda ni ma a bakin safiyo na ji. Sannan na faɗi abin da har gobe in na tuna sai na ji kunnena ya yi zafi.

"Ranka ya daɗe, mutum yana mantuwa, na'ura ba ta yi. Manomi ɗaya, gona ɗaya. Wanda hoton nan ya ba, nasa ne duka. Na yarda a gaban kowa."

"Ka yarda?" in ji dagaci.

"Na yarda."

Dagaci ya karɓi hoton a kife, wani ya juya masa. Dattawa suka sunkuya a kai. Can sai ɗaya daga cikinsu ya fashe da dariya, ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya dara.

"Wannan ai hannun Baba ne."

Ban gane ba, sai da aka yi mini bayani kamar yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya. Mahaifina da garmar shanu yake huɗa, kunyarsa siririya, a miƙe sak. Baba da garmar hannu yake yi, kunyarsa mai kauri, tana lanƙwasa tana bin gangare don kada ruwa ya kwashe ƙasa. A garin nan kowa ya san huɗar kowa kamar yadda nake gane rubutun ɗalibaina. Kunyoyin hoton nan kuwa, daga hanya har kwari, duk a lanƙwashe suke.

"To, Malam," in ji dagaci, "manomi ɗaya ka ce. Ga manomin nan zaune."

Kunya goma sha biyu na zo nema, ga shi da bakina na miƙa gonar ubana gaba ɗaya, da shaidar da na hau mota na sayo.

Baba bai yi dariya ba. Ya ce in karanta masa ƙaramin rubutun nan na ƙasa. Na karanta wata da shekara. Daminar da ɓarayin daji suka sace mahaifina ce.

"Wata biyu yana hannunsu," in ji Baba. "Kai kana birni kana ta faɗi-tashin a sako shi. Ruwa ya sauka, gonarsa tana kwance. Na kira gayya, 'yan cocinmu da 'yan masallacinku. Ni na ja kunyar farko suka bi. Wa zai tsaya neman iyaka, ana huɗa ana waiwayen daji?"

Mahaifiyata ta taɓa gaya mini wannan. Na ji, na ce Allah ya saka, na manta.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa dagaci, "ban noma don in gada ba. A bar wa yaron gonar ubansa."

Ya tashi muka bi shi har gona. Ya tsaya daidai inda ya nuna mini da sanda tun ranar farko, ya ce in haƙa. Sara uku na yi, garma ta ci karo da baƙar saiwar ɗorawa. Na durƙusa na ce Baba ka yafe mini. Ya ce in tashi, ina ɓata riga.

Sai ya karɓi hoton ya daɗe yana dubawa. Ya ɗora yatsa a kusurwar sama, inda gonaki suka ƙare, daji ya fara, kore shar har ya yi duhu.

"Da aka sako shi, ta nan ya ce sun ajiye su. Ranar da aka ɗauki abin nan yana ciki, ɗana. Yana nan ƙarƙashin itatuwan nan, da ransa."

Na koma wurin safiyo na ce ya matso mini da kusurwar nan. Ya matso, ya ƙara matsowa, har ganyen ya watse ya zama tabo-tabo. Ya ce iyakar ganin na'urar ke nan. Na ce ya ƙara. Ya ce, "Malam, babu komai a nan sai itace."

Hoton yana rataye a ɗakina. Baƙi suna tambaya in nuna musu gonata, nakan nuna. In sun tafi, ba gonar nake kallo ba.