Awa Goma Sha Ɗaya a Kujerar Roba

A bangon ofishin sayar da tikitin jirgi akwai wata tsohuwar taswirar duniya da ba mai ɗaga kai ya kalla. Da za a duba da kyau, da an ga wani siririn layi da launinsa ya koɗe, ya tashi daga wani birni ya tsallake teku zuwa wani. Yatsan Gwaggo mai shara ne ya koɗar da shi. Shekara shida ke nan, tun da autarta ta bi mijinta can, kullum sai ta bi layin nan kafin ta ɗauki tsintsiya.

Bana Auta ta samu ciki, ta aiko da tikiti don uwarta ta je haihuwa. Gwaggo ta tambayi Dogo, mai buga tikiti a ofishin, nisan tafiyar.

"Awa goma sha ɗaya a sama, Gwaggo, ba tsayawa."

"A zaune?"

"To da a tsaye? Ai ba motar kasuwa ba ce."

Ita kuwa in ta yi zaman awa biyu, ƙafafunta sai su kumbura sumtum. Da ta je asibiti neman izinin tafiya, likita ya danna idon sawunta, ya ga ramin yatsansa ya ƙi cikewa, ya ture takardar izinin tafiya gefe.

"Ba zan sa hannu ba tukuna, Mama. Ga magani, ga safa mai matse ƙafa. Ki rage gishiri, in kin zauna ki riƙa miƙewa duk awa. Ki dawo bayan wata guda."

Gwaggo ba ta yi musu ba. Ranar hutunta ta cusa kujerar roba tsakanin gado da akwati, inda gwiwa ke gogar bango, don Dogo ya ce haka matsin kujerar jirgi yake. Ta zauna ƙarfe bakwai na safe. Duk awa ta miƙe, ta taka zuwa ƙofa ta dawo. Ƙarfe shida na yamma ta zare safa, ta zagaya idon sawunta da zare, ta yanke daidai faɗinsa, ta adana.

Maƙwabciyarta ta samu abin yi. Sai ta leƙo da tsakar rana.

"Matafiya, an kusa sauka?"

"Muna kan teku. Rufe mini ƙofa kada iska ta ɗauke ki."

Zaman farko bayanta ya riƙe, ta kwana biyu tana shara a karkace. Sati na gaba ta sa matashi ta koma.

Da wata ya cika ta kwance bakin mayafinta a gaban likita, ta jera zare huɗu a kan teburinsa, kowanne bai kai na gabansa tsawo ba.

"Mene ne wannan, Mama?"

"Sau huɗu na je, ɗan nan. Ga yadda ƙafar ta sauka kowace tafiya."

Ya yi dariya har da cire tabarau. Ya danna sawun, ya sake dannawa, ya jawo takardar ya sa hannu.

Gwaggo ta ninke ta huɗu ta soke a jaka. Da yake ranar aiki ce, ta koma ofis, ta cika bokiti da ruwa, ta fara goge ƙasa daga bakin ƙofa.