Zango na Biyu

A bazarar da sojoji suka karɓi mulki a Yamai ina da shekara goma sha ɗaya. Na tuna safiyar sarai, domin Inna ta aike ni kasuwar Madarunfa in nemo dusa, na tarar da maza sun yi cincirindo a kan rediyon wani mai tebur, kiɗan soja kawai ke fita. Na ɗan tsaya ban fahimci komai ba, na wuce. Dusar ma ban samu ba. Da na koma gida na ba da labari, Baba ya ce Allah ya sa alheri ne, ya ci gaba da gyaran amalankensa. Mu a gidanmu ba maganar mulki ake yi ba. Damina biyu ke nan gero bai yi ba, an share rumbunmu har ƙasa, tabkin Madarunfa ya ja da baya ya bar laka tana tsagewa, kuma Baba ya riga ya yanke shawara za mu tafi Jibiya wurin ƙanensa mu ƙarasa rani a can.

Mu biyar ne masu tafiyar: Baba, Inna, ni, ƙanena Sani mai shekara shida, da autanmu wanda bai cika biyu ba. Sunan mahaifin Inna aka sa masa, don haka ba ta taɓa faɗin sunan da bakinta ba, Baballe take ce masa, mu ma muka bi. Kwana uku kafin tafiyar zawo ya kama shi. Nonon Inna ya ƙafe tun cikin sanyi, da kunun dusa yake rayuwa, kunun ma ya soma dawo da shi. Kuɗin kamiyo, wato babbar mota, babu, sai amalanke da jakinmu da ake ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa. Tafiyar da namiji mai ƙarfi zai yi a yini ɗaya, mu kwana biyu aka tsara mana.

Inna ce ta tsara zangunan. Ba da nisan ƙasa ta auna hanya ba, da ƙishirwar yaro ta auna ta. Ta san gora ɗaya tana kai mu daga hantsi zuwa kusan azahar in aka yi tattali, don haka duk inda gora za ta ƙare, dole a samu rijiya da inuwa da wani da ya san mu. Ta zaunar da ni a bakin murhu, ta miƙo mini bayan takardar sukari da alƙalamina na makarantar allo, ta ce in rubuta da ajami. Ita ba ta karatu, amma ta san Baba malami ne, yana ganin girman abin da aka rubuta fiye da abin da aka faɗa. Zango na ɗaya, gindin tsamiya mai rijiya, inda Sani zai tsinci tsamiya a jiƙa wa Baballe. Zango na biyu, ƙauyen mahaifinta, Malam Idi, wanda yake ɗan ratse daga hanya. Can za mu wuni mu kwana, domin tsohon yana da akuya mai nono, kuma bai taɓa ganin takwaransa ba. Na uku, washegari, rijiyar gindin gawo. Na huɗu Ɗan Isa, gidan wata ƙawarta mai fura, inda ta yi wa Sani alkawarin zai ga manyan motoci a layin duwan, wato kwastan, ya ƙirga ƙafafunsu. Na biyar Jibiya. Ta kuma ba wani mai kai gishiri saƙo ya shaida wa mahaifinta ranar zuwanmu. Baba ya karanta takardar sau biyu, ya gyara mini wasali ɗaya, ya rubuta in Allah ya yarda a ƙasa, ya mayar mini.

Bayan sallar asuba muka fita. Da farko ni da Sani wasa muka ɗauke ta. Muka yi ta gasar ƙirga kuka, wanda ya fara gani tasa ce, na cika aljihun zanena da tsakuwar carafke. Da rana ta ɗaga sai abin ƙirgawa ya sauya. Shanu ne kwance a gefen hanya, wasu fata kawai da ƙaho, wasu ungulu na kai. Sani ya kai goma sha wani abu, Inna ta ce ya bari. Muka yi ta cim ma mutanen arewa suna gangarowa a ƙafa, mata da tukwane a ka, ba dabba ko ɗaya a gabansu. Ana yi musu sallama su amsa ba su ɗago ba.

Zango na ɗaya bai ba mu kunya ba. Rijiyar tana da ruwa, ko da yake sai da Baba ya ƙara igiyar jaki a kan ta guga. An riga an kakkaɓe tsamiyar, amma Sani ya tono guda huɗu a cikin yashi, ya kawo wa Inna yana taƙama. Baballe ya sha, ya buɗe ido, har ya kama ɗan kunnena. A nan Baba ya gamu da wani mutumin ƙauyen su Inna, suka koma gefe. Ni ce na kai musu ruwa, na ji abin da ya faɗa. Ya ce gidan Malam Idi sun kai ga tonon ramin tururuwa suna tace hatsin da ta tara, 'ya'yan anza masu ɗaci suke jiƙawa kwana da kwanaki kafin su ciwu, kuma abin da ya rage wa tsohon sai irin shuka a cikin tulu, ya shafe bakinsa da laka. Kowa ya san abin da zai faru idan suruki ya yi sallama a ƙofar dattijo irin wannan da mata da 'ya'ya uku. Tulun nan za a fasa, kuma ba wanda ya isa ya hana.

Wajen azahar muka iso mararrabar. Wata kuka ce mai rassa biyu, hanyar ƙauyen ta bi ta hagunta. Na ciro takardata na karanta da ƙarfi, zango na biyu, kamar yadda na yi a na ɗaya. Baba yana gaba riƙe da igiyar jaki, bai juya ba, bai kuma rage tafiya ba. Inna tana kan amalanke da Baballe a cinya, ta yi masa rumfa da gyalenta. Ta bari har muka daidaita da kukar.

"Malam, ga hanyar gida," ta ce.

"In mun dawo," in ji Baba.

Iyakar maganar ke nan. A lokacinmu mace ba ta ja da mijinta a kan hanya a gaban 'ya'ya. Na ga ta waiwaya sau ɗaya, ta dubi gorar da ke rataye, wadda ta rage kamar rabi. Baba ya ce in karanta na gaba. Na karanta. Lissafinsa shi ne mu kai gawo kafin la'asar mu sha ruwa, mu kwana Ɗan Isa. Zango biyu ya haɗe a ɗaya, a tsakiyar rana, a watan da ƙasa ke ƙona ƙafa ta cikin takalmi.

Sani ya soma jan ƙafa. Inna tana jiƙa bakin gyale tana matsa wa Baballe a leɓe, har gorar ta daina ƙara in an girgiza. Jakin ya durƙusa sau biyu, ni da Baba muka tura. Da muka hango gawon sai na ga ba shi ne wanda Inna ta siffanta ba. Makiyaya sun sassare rassansa sun ba dabbobi, ya tsaya kamar turke, ba inuwar da za ta rufe mutum ɗaya. Baba ya zura guga har ƙarshen igiya, ta fito da laka mai wari. Ya sake, ya sake. Inna ta tace lakar a gefen zanenta ta samu abin da bai cika ludayi ba, amma Baballe ya riga ya daina haɗiya. Yana hannuna, domin Inna tana tacewa, na ji jikinsa ya saki. Na ce Inna ya yi barci. Ta dube shi, ta yi salati, ta ajiye ludayin a hankali kada ya zube, ta ba Sani.

Wani tsohon Buzu da ke zaune nan da iyalinsa shi ya taya Baba haƙa. Da rawanin Baba aka yi likkafani. Su biyu suka yi masa salla, mu muna bayan amalanke.

Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan na yi imani da shi tun ina yarinya har yau. Ko da mun ratse, Allah kaɗai ya san ko nonon akuya zai tsayar da abin da aka rubuta. Amma a Jibiya labari ya same mu cewa Malam Idi tun da safiyar ranar ya fasa tulun. An daka, an dama fura, an tatsi akuya, ya fito bakin gari ya zauna yana jiran takwaransa har rana ta faɗi. Abin da Baba ya guje wa an riga an yi shi kafin mu bar gindin tsamiya. Tsohon ya rasu a daminar nan, muna Najeriya. Da kaka muka dawo a bayan kamiyo ta babbar hanya, ba mu bi ta kukar ba.

Inna ba ta taɓa tayar da maganar ba. Ta yi wa Baba tuwo, ta haifa masa wasu biyu, in ta yi marmarin gida ta tafi ita kaɗai wurin wanta, Kawu Sale. Baba kuwa ko biki ko mutuwa bai taka ƙauyen ba, sai ya aika. Yanzu 'ya'yana suna yin wannan hanya a mota kafin shayi ya huce, ruwan sanyi na leda a kowace tsayawa, jikokina suna ƙorafi in an ce a dakata. Ba su san akwai lokacin da uwa ke zama ta raba hanya gora gora ba.

Shekara goma sha tara bayan haka, idon Baba ya soma rauni, wata safiya ina gida ya kira Inna, ya ce ta shirya. Ta ce ina za a. Ya ce akwai inda ya ce mata in sun dawo, kuma bai cika ba. Sani ya kai mu a motar da yake tuƙawa. A gindin kukar Baba ya ce a tsaya, ya sauka, ya ƙarasa a ƙafa da sandarsa, mu muna binsa. Ya yi sallama a ƙofar zauren, Kawu Sale ya fito, ya tsaya yana kallonsa kafin ya amsa. Baba ya nemi a kai shi kabarin Malam Idi, ya daɗe a can. Da ya dawo aka kawo fura. Mutumin da ban taɓa ganin ya sha ko ruwa a gaban dangin Inna ba, ya zauna a tabarmar zauren ya shanye ƙwaryar tas. Sannan ya juya wajen ƙofar cikin gida, inda ya san tana tsaye.

"Ki yafe mini zangon nan."

"Na yafe, Malam," ta ce. "Na daɗe ina jira ka tambaya."

Ranar muka wuni a can, muka kwana, kamar yadda ta tsara.