Malamin da aka ce ya ɗaure ruwa

Shekara talatin ke nan da rasuwar yayana Malam Sabi'u, amma har yau in na gifta majalisar ƙauyenmu a ƙasar Kunci sai wani ya ce, "Ga ƙanin mai ɗaure ruwa." Ana faɗa ana dariya. Ni ban taɓa ganin abin dariya a ciki ba.

Kimiyyar sinadarai yake koyarwa a sakandaren kusa da mu. Shekarar da damina ta ƙi, gero ya bushe a tsaye, ya sayo ƙanƙara daga Kano cikin buntun shinkafa. Ya zuba ruwa a ƙwarya, ya jefa gishiri da kanwa da toka, ya rufe da ƙanƙarar. Ya ce wa ɗalibansa akwai watanni masu kewaya duniyoyin Mushtari da Zuhal da ƙanƙara ta lulluɓe. In akwai ruwa mai ɗumi da gishiri a ƙarƙashi, ba mamaki Allah ya ajiye wata ƙaramar halitta a ciki. Iyakar laifinsa ke nan.

Kafin la'asar labari ya zaga gari: malami ya haɗa kanwa da toka ya danne ruwa, shi ya sa hadari ke watsewa. Haba jama'a, mutumin da gonarsa ta ƙone tare da ta kowa? Aka kira shi ƙofar mai unguwa. Iyaye suka janye 'ya'yansu, aka ɗauke shi daga makarantar, bai ƙara riƙe alli ba har ya koma ga Allah.

Kwanan baya na ji a rediyo cewa masana sun gano gishiri da irin sinadarin da ke cikin takin zamani a tururin da ke fita daga wani watan Zuhal. Jikokin waɗanda suka kore shi suna ta tura wa juna labarin a waya, kowa na Subhanallahi. Ko ɗaya bai ce an zalunce shi ba. Da yana raye, na san halinsa, zama zai yi ya yi musu bayani kamar ba a taɓa yi masa komai ba. Ni wallahi raina a ɓace yake.

Me ya rage nasa? Littattafansa gara ta cinye. Sai mugun suna, sai wata magana da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ranar nan a ƙofar mai unguwa ya waiwayo ya ce, "Hamisu, kana wurin, gaya musu darasi ne." Lokacin ina neman aure a gidan ɗaya daga cikin masu zarginsa. Na sunkuyar da kai.

Darasi ne, jama'a. Allah ya jiƙanka, Yaya. Ga shaidar da ka nema, na san ta makara.