Buhunan Jan Zare

A garinmu, can gabas da Dutse inda rafi ke bi ta bayan gari, ba a jiran kowa ya zo ya tare mana ruwa. Damina na kankama mai unguwa zai raba jinga, tudun ƙasar nan da aka ja tsakanin rafi da gidaje, kowane gida da nasa rabon. Ka cika buhuna da yashi ka jera a wurinka. Gidan da babu namiji samari kan yi masa gayya, amma buhu kam mai gida ne zai kawo. Tun rasuwar Baba, Inna ba ta da kowa sai ni, ni kuwa ina aure a Yalwawa, cikin Dutse. Saboda haka buhunan Inna a wuyana suke.

Ni tela ce, kuma ko maƙiyina ya san ba na saɓa magana. Tun bazara nake bin masu shago da masu kiwon kaji ina roƙon buhu, har suka fara ɓuya in sun hango ni. Wanda ya yage in ɗinke shi da wani jan zare mai kauri da ya yi mini saura. Na kira wayar maƙwabciyar Inna na ce a faɗa mata ta kwantar da hankali, buhu na nan tafe.

Garin su maigidana yana tsallaken rafin, suna kallon namu. Da zai je gaida iyayensa na ɗaure masa buhunan a bayan babur, na ce ya biya ya sauke wa Inna. Da ya dawo na tambaye shi, ya ce, "An kai. Tana gaishe ki." Ban kira na bincika ba. Wace mace ce za ta aiki mijinta gidan uwarta sannan ta bi sawu?

Ranar da ruwan ya ci garinmu ina kan keken ɗinki, wayata ta hau ƙara ba ƙaƙƙautawa. Guruf ɗin 'yan yankinmu ne, wanda a da ba abin da ake turawa sai sanarwar biki da ta rasuwa. Bidiyon farko wani ne a kan bishiya yana salati, ruwa ja yana shiga lungu da gudu. Na biyu rumbu ne ya karkace a hankali, ya zauna, ya narke. Sai dattijo da akuya a kafaɗa, sai mata a jere ruwa iya ƙugu da ƙullin kaya a ka. Wasu marasa aikin yi har da turo na wata ƙasa, da gidajen bene da ba mu taɓa gani ba. Na koyi tantancewa da tsamiyar bakin kasuwa: in ban gan ta ba, ba garinmu ba ne.

Inna nake nema. Duk tsohuwar da ta gilma sai in tsayar da bidiyon in buɗa shi da yatsu biyu, har fuskar ta dagule. Wayar maƙwabciyar a kashe. Abinci ya ƙone, data ta ƙare na sake sa wata. Maigidan ya shigo ya tarar da ni ina kuka, ya ce, "Ki ajiye wayar nan, ba abin da za ta ƙara miki sai hawan jini. Ni zan je in nemo ta." A lokacin na ji daɗin maganar ƙwarai.

Bayan fitarsa wani mutumin garinmu ya turo saƙon murya. Ya ce jinga ta riƙe ko'ina, ta wuri ɗaya ruwan ya ɓalle, rabon tsohuwar nan mai 'ya a Dutse, inda aka tara ƙasa da kara kawai babu buhu ko ɗaya. Raina ya ɓaci. Ban tsaya tauna magana ba na danna na mayar masa, a gaban kowa, na ce ya ji tsoron Allah, ni da hannuna na ɗinka buhunan na aika.

Washegari da hantsi wani daga tsallake ya turo nasu bidiyon. Yana tafe a kan jingarsu yana ta hamdala, ruwa ya zo iya wuyanta ya tsaya. Da ya iso bayan gidan surukaina sai na ga ja. Na tsayar, na buɗa da yatsu. Ga buhunan abincin kaji a jere, ga ɗinkina, har irin ƙullin da nake yi a ƙarshe. Tela ba ta kasa gane ɗinkinta. Na kalla har wayar ta mutu, ina fatan idona ne.

Da la'asar ya dawo da Inna, zani ɗaya a jikinta, ƙafafunta sun yi fari don jiƙa. A wata makarantar firamare ya same ta. Na yi mata ruwan zafi, na ja shi bayan ɗaki na nuna masa wayar. Bai musa ba.

"Wurinmu ya fi rauni a lokacin," in ji shi. "Na ce zan nemo wasu in kai mata, abubuwa suka sha kaina. Ruwa ai na Allah ne."

"Ruwa na Allah ne, Malam. Buhun fa? Kuma da bakinka ka ce tana gaishe ni."

Ya sunkuyar da kai. Da ya roƙe ni don iyayensa, wallahi da na raba biyu. Ƙaryar ce ta ƙona ni, don ita ta hana ni neman wasu tun da sauran lokaci.

Na koma ɗaki na tarar Inna na shan kunu tana sa masa albarka, wai har cikin ruwa ya shiga nemanta. Can ta ajiye ludayin, ba ta dube ni ba, ta ce, "Samari sun zo gayya suka ce ina buhu. Na ce su bar wurin, 'yar nan ba ta saɓa magana. In na ji ƙarar babur sai in leƙo. Amma ba komai, hidimar birni yawa gare ta."

Wayar na hannuna, bidiyon a buɗe. Na san Inna. In ta gani ba za ta ƙara haɗiyar ƙwayar hatsin gidan nan ba, ba za ta kwana a ƙarƙashin rufinsa ba. Ɗakinta kuwa ya zama laka, kuma mutanen da za ta koma cikinsu ta wurinta ruwa ya cinye musu gero. Na kife wayar a kan tabarma.

"Ki yafe mini, Inna," na ce. "Mantuwa na yi."

Yana tsaye a bakin ƙofa, takalmansa a hannu, ya ji komai. Na ɗaga kai na dube shi, na ba shi lokaci ya yi magana. Ya ce, "Sannu da hanya, Inna," ya wuce masallaci.