Ranar da Madam Patricia Ta Tallata Kujerarta

Madam Patricia Shekwolo ba ta ɗaukar kaya a ka. Mahaifiyarta a kafaɗa take ɗora doya daga gona zuwa kasuwa, kamar sauran matan Gbagyi na ƙauyensu. Ita ma a kafaɗa take ɗora nata kayan, sai dai nata takardun ɗalibai ne, an ɗaure da igiyar leda. Duk direban keke napep da ke lodi a Tunga ya san ta da wannan ƙunshin.

Tana aiki a wata kwaleji da ke kan hanyar Zungeru. Duk ɗalibin da ya shiga ajin farko, ko akanta zai zama ko ma'aikacin asibiti, dole ya bi ta darasin rubutu, kuma darasin yana hannunta. Ita ke neman ajin da rufinsa ba ya yoyo. Ita ke lallashin malaman wucin-gadi kada su gudu tsakiyar zango. Ita ke sauraron ɗalibin da ya rantse shi ya rubuta abin da ko karanta shi bai iya ba. Sunan aikin kodineta, amma na riƙon ƙwarya. Lokacin da aka ce ta ɗan riƙe kafin a sami mai shi, 'yarta Hadassah tana firamare. Yanzu Hadassah ta kusa gama sakandare.

Abu ɗaya ta kafa da hannunta, shi ne zaman Alhamis. Kowace Alhamis malaman rubutu kan taru a barandar ofishinta. Takan ɗauko rubutun ɗalibi guda, ta rufe sunan, ta raba wa kowa kwafi. Kowa ya duba shi kaɗai, ya ba da maki, sannan a ɗaga takardu sama lokaci ɗaya. Idan wannan ya ɗaga yaro, wancan ya kayar da shi, to babu mai tashi sai an yi gardama an daidaita. Dalilinta gajere ne: bai kamata ɗalibi ya faɗi don ya faɗa hannun malamin da ya yi faɗa da matarsa da safe ba. Don kada a gudu, takan zo da gasasshiyar doya da manja daga gonar yayanta.

Akwai ƙungiyar masu kula da darasin rubutu a kwalejoji. Sau ɗaya a shekara sukan haɗu, a sha jawabai, a ɗauki hoto, a watse. Patricia ba ta taɓa hawa mumbari ba. Da aka lura ita kaɗai ke amsa saƙo a kan lokaci, sai aka naɗa ta mai yaɗa labarai ta shiyya. Tun daga nan, kowace Litinin a cikin keke, takan tura wa zauren ƙungiya na Wasaf abin da ya zo daga hedikwata: taro, ƙarin girma, rasuwa, guraben aiki. Ƙarƙashin kowane gurbi takan rubuta jimla ɗaya: "Wanda ya cancanta ya nema, mai buƙatar taimako ya kira ni." Kuma ana kira. Mutanen da ta gyara wa takardu suka sami aiki suna da yawa, ba ta taɓa lissafa su ba.

Wata Litinin keke yana ta tsalle a ramuka, ƙunshin takardu yana neman zamewa daga cinyarta, sai ga sanarwa: ana neman cikakken kodinetan darasin rubutu. Ta karanta layin farko, ta ce wani ya dace, ta tura, ta liƙa jimlarta.

A ƙofar ofis ta tarar da Malam Jiya, mutumin Bida, wanda ya fi kowa daɗewa cikin malamanta na wucin-gadi. Yana riƙe da waya kamar ta ƙona shi.

"Madam, ashe barin mu za ki yi, ko sallama babu?"

"Barin ku zuwa ina?"

"To wa zai tallata kujerarsa yana kanta?"

Ta karɓi wayar ta karanta har ƙasa. Sunan kwalejinsu ne. Hukuma ta farka daga dogon barcinta, ta aika wa ƙungiya sanarwa kafin ta tuna da wadda ke riƙe da aikin. Ƙarƙashin saƙon har an jera addu'o'i, wani yana cewa Allah ya saka wa Madam da alheri, ba ta da baƙin ciki.

Jiya ya ce, "Goge shi mana."

"An riga an gani. Kuma aiki ne na gaskiya, ba ƙarya na tura ba." Ta sauke ƙunshin a tebur. "Je ka aji, yara suna jira."

Da yamma maigidanta Yona, mai gyaran janareta a Tunga, ya yi dariya har ya ajiye cokali.

"Maman Hadassah, ko ni da ban yi boko mai zurfi ba, ban taɓa kiran kwastomana na ba shi lambar wani makanike ba."

"Ci tuwonka."

"Ina ci. Amma ke ma za ki nema, ko sai kin kira kanki ki ba kanki taimako?"

Ta nema. Sai dai ta san inda take da rauni. Digirinta na biyu ne, cikin masu nema kuwa akwai masu na uku. Kuma ba ta iya zaƙin baki ba. Idan wani ya hau kujerar, za ta koma malama kawai, zaman Alhamis kuma ya dogara da ko sabon yana so.

Wayarta ba ta huta ba. Dakta Kafayatu ta kira daga wata kwaleji mai nisa, tana ta kame-kame. Patricia ta ce, "Na rubuta a kira ni, kin kira. Tambayi abin da kike so." Ta gaya mata komai: yawan ɗalibai, halin malamai, yadda ake zaman Alhamis. Haka ta yi wa na biyu da na uku. Na ƙarshe Jiya ne, ya shigo yana sosa ƙeya.

"Madam, wallahi kunya nake ji. Amma wucin-gadin nan ya kusa tsufar da ni."

"Kunya ba ta cikin sharuɗɗan. Zauna. Ga ni kwamiti, gaya mini abin da za ka yi."

Ya gyara murya ya fara zuba manyan kalmomi a kan inganta ilimi da ɗaga martabar ƙasa. Ta ɗaga hannu.

"Jiya, kamfe kake yi? Me za ka yi ranar Litinin da safe?"

Sai da suka maimaita har ya koyi faɗin abin da hannu zai taɓa.

Ranar intabiyu suka jeru a benci ɗaya, masu nema suna ta gaishe ta kamar ita ce mai masauki. Ita aka kira a ƙarshe. Shugaban kwamitin, Dakta Ndaliman, baƙo ne da aka gayyato daga wata makaranta, dattijo mai tabarau a kan hanci.

"Madam, bayyana mana falsafarki ta koyar da rubutu."

"Ɗalibi ya rubuta, malami ya karanta, ɗalibi ya sake rubutawa."

Suka jira ci gaba. Babu.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, ranka ya daɗe. Saura sai ranar Alhamis."

Dattijon ya cire tabarau ya dubi abokan zamansa, sai dariya ta ɓarke.

"Alhamis kuma! Baiwar Allah, tun safe duk wanda ya shigo nan Alhamis yake sayar mana. Dakta Kafayatu ta ce za ta kafa zaman Alhamis. Wani saurayi daga Bida har doya ya yi mana alkawari. Muka ce a ina kuka gani, kowa ya nuna mana bencin waje."

Patricia ta ce, "Doyar ta yayana ce. Ban san inda Jiya zai samo tasa ba."

"To mun gaji da jin labari. Za mu zo mu gani."

Ta koma gida ta gaya wa Yona ta faɗi, domin an yi mata dariya.

Ranar Alhamis suka zo, su uku. Ba ta yi musu jawabin maraba ba. Ta miƙa wa kowa kwafi da jan biro, ta nuna musu benci tsakanin malamai. Rubutun wata yarinya ne a kan yadda kakarta ke shanya kifi. Da aka ɗaga takardu, Dakta Ndaliman ya ba ta maki mai tsoka, wata 'yar kwamitin kuwa ta kayar da ita.

"Haba Hajiya, har ƙamshin kifin na ji!"

"Ka ji ƙamshi, Dakta, amma ina sakin layi? Tun daga sama har ƙasa numfashi ɗaya!"

Jiya ya shiga tsakani, aka taru a kansa. Dattijon ya duba agogo ya yunƙura zai tashi, Patricia ta ce, "Ranka ya daɗe, ba a tashi sai an daidaita." Ya koma ya zauna. Sai da doya ta huce aka tsayar da maki, aka kuma yarda a mayar wa yarinyar ta raba labarinta gida-gida ta sake kawowa. Dakta Ndaliman ya tafi da manja a bakin hannun rigarsa.

Bayan 'yan makonni aka cire mata riƙon ƙwarya, aka tabbatar mata da kujerar. Aikin bai canja ba, rufin ajin ma bai daina yoyo ba. Kafayatu ta kira ta yi murna, ta ce duk da haka za ta fara zaman a can inda take. Yona ya sayo kaza, yana gaya wa maƙwabta matarsa ta yi takara da kanta ta ci da ƙyar.

Hawanta ya bar gurbin cikakken malami a sashen. Wata Litinin a cikin keke sanarwar ta iso. Ta ce wa direba ya ɗan tsaya a gefe. Ta karanta daga sama har ƙasa, ta sake karantawa. Sannan ta tura wa zauren gaba ɗaya, ta liƙa jimlarta, ta kira Jiya.

"Ka gani?"

"Na gani, Madam. Amma sai da kika tura wa duniya?"

"Aikina ke nan. Kawo takardunka da rana, kuma ka bar manyan kalmomin a gida."

Ta gyara ƙunshin a cinyarta, ta ce wa direba, "Mu je."