Kunnen Madam Araksi

Madam Araksi ta tsufa tana koyar da piyano a benen da ke saman shagona na ɗinki, a nan Iskandariyya. Ni nake ɗinka wa ɗalibanta fararen rigunan da suke sawa ranar bikin kiɗa na ƙarshen shekara, don haka na san ta ciki da waje. Mace ce siririya mai zafin rai, ba ta taɓa aure ba, kuma ban taɓa jin ta yabi ɗaliba ba.

Dokarta ɗaya ce: in an fara kiɗa a gaban jama'a, ba tsayawa. Da biki ya matso sai ta riƙa sakin murfin tukunya a bayan yarinya tana cikin kiɗa. Wadda ta waiwayo ta shiga uku.

"Ke Nihal, uban wa ya kira ki? Ko rufin nan ne ya rufto, sai kin kai ƙarshe!"

Abin da take ɓoyewa shi ne kunnenta ya mutu. Da kallon yatsun yara take gane kuskure, kuma wallahi idonta ba ya ƙarya. Amma unguwarmu ba ta iya riƙe magana ba. Iyaye suka yi ta janye 'ya'yansu, har aka bar ta da Nihal kaɗai, 'yar Usta Fathi mai gasa burodi. Sai Madam ta ɗora ranta a kan bikin bana. Ta bi gida-gida da sandarta tana gayyatar waɗanda suka guje ta, su zo su ji ko kurma na iya fitar da ɗaliba kamar wannan.

A zauren cocin su Madam ake bikin, dab da teku, inda danshi ke cin wayoyin piyano. Kowace shekara tsoho Girgis ne yake zuwa ya daidaita sautin, shi kuwa ya rasu a lokacin sanyin da ya wuce. Ga shi Madam ba ta barin ɗaliba ta taɓa piyanon zauren kafin ranar, wai don ta saba da baƙon wuri.

Na ce mata, "Madam, a samo wani ya saurara mana shi mana."

Ta kalli bakina, ta ɗaure fuska. "Ummu Ramzi, ke dai ki ji da allurarki. Jiya na je na kaɗa shi da hannuna, lafiyarsa ƙalau."

Ranar biki zaure ya cika da jama'a, rabinsu gulma ce ta kawo su. Madam ta zauna kusa da Nihal, ta ba jama'a baya, ta kafa wa yatsun ido. Yarinya ta fara. Abin da ya fito kamar an zubar da kwanuka daga bene. Nihal ta yi fari fat, hawaye na zuba a kan rigar da na ɗinka, amma ba ta tsaya ba, saboda abin da aka koya mata ke nan. Yara suka toshe kunne. Wata a bayana ta ƙyalƙyale da dariya, na so in mare ta. Usta Fathi ya sunkuyar da kai.

Da Nihal ta kai ƙarshe, Madam ta miƙe tana tafi ita kaɗai, muryarta har bakin ƙofa.

"Madalla, 'yata! Ko kuskure ɗaya babu!"

Sannan ta juyo ga jama'a tana murmushi. Ta bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, murmushin yana raguwa, har idonta ya sauka a kaina. Ta taho a hankali, ta kama hannuna.

"Ummu Ramzi," ta ce, "me suka ji?"