Tagwayen Lorna da Gurbi Ɗaya

Lorna Whitcomb malamar kiɗa ce a wani ƙaramin gari a jihar Vermont ta Amurka, ita kaɗai ta raini tagwayenta, Emmett da Silas. Jami'a ɗaya yaran suke so, irin wadda ke karɓar masu nema tun da kaka, kafin jama'a su yi cunkoso. Malaminsu ya ce da wuya a ɗauki biyu daga gida ɗaya a zagayen farko. Ba ta shawarci kowa ba, ta ce Emmett ya nema yanzu, Silas ya dakata.

Silas ya ce, "Mama, me ya sa shi?"

"Kai kana iya jure rashi," in ji ta, tana yanka albasa.

Aka ɗauki Emmett. Lokacin da Silas ya nema, gurabe sun cika. Ya tafi can jihar Alaska kamun kifi, bai sake kwana a gidan ba.

Shekara guda Emmett ya yi a jami'ar, ya bar karatun, ya dawo gida da jakarsa. Lorna ta tare shi a ƙofa tana kuka.

Ya ce, "Mama, ni fa ban taɓa son wurin ba. Silas nake bi."